Ruwan da ke zuba a kumatun toron giwa: ga amsoshin, kowa ya huta

Tun da bidiyon giwar nan "mai kuka", wadda ruwa ke gangarowa a kumatunta, ya zagaya WhatsApp, ɗalibaina da ma waɗanda ban taɓa koyarwa ba a nan Sakkwato suke tare ni da tambayoyi iri ɗaya. Na tattara su wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Malam, da gaske kuka take yi?

A'a. Ku buɗe ido ku dubi inda ruwan ke fitowa. Wata 'yar kafa ce tsakanin ido da kunne, ƙarƙashinta akwai ƙullutun da ke tatso ruwan, ɗaya a kowane gefe. Kuma wanda ke cikin bidiyon toro ne, yana cikin yanayin da ake kira mast (musth a Turance).

To mene ne wannan mast ɗin?

Lokaci ne da yakan zo wa balagaggen toro, galibi sau ɗaya a shekara. Sinadarin mazakuta, testostiron, yakan hau har ninki 60 a jikin wasu. Ƙullutun ya kumbura, ruwa mai kauri da wari ya riƙa gangarowa, fitsari na ɗiga ba tsayawa, cin abinci ya ragu, fushi ya ƙaru. Matashi yakan yi kwanaki, babba kuwa wata 2 zuwa 3. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da amale a Kara lokacin hunturu, ya ga baƙin ruwan da ke tsattsafowa a ƙeyarsa, ya riga ya fahimci rabin maganar.

Ana samun ruwan? An ce yana ƙara ƙarfin maza.

Wa ya ce? Babu wannan, kuma abin kunya ne a ce wannan tambayar ta fi kowace yawan zuwa. Ruwan saƙo ne daga giwa zuwa giwa, ba a rubuta shi don kai ba. Wanda ya je ɗiba kuma, sai dai a kwaso shi.

Saƙon me yake ɗauke da shi?

Yauwa, ga tambayar da ya kamata ku fara da ita. Yana faɗin shekarun toro da halin da yake ciki. Wata masaniya 'yar Amurka, Bets Rasmussen, ta yi shekaru tana binciken wannan ruwa a giwayen Asiya. A 2002 ita da abokan aikinta suka nuna cewa ruwan matashin toro ƙamshin zuma yake yi, manya kuma ba sa damuwa da shi, don sun san yaro ne. Yana girma ƙamshin na gushewa, wari ya maye gurbinsa, wani sinadari mai suna furontalin ya yawaita. Samari in sun shaƙi furontalin sai su ja da baya, macen da ta kusa karɓar namiji kuwa sai ta nuna sha'awa. Abin mamaki, wannan sinadarin ne wasu ƙwari masu cin ɓawon itace ke kiran junansu da shi.

Toron ba ya barin warin ya tsaya a jikinsa. Yana goga kumatu a bishiya, yana kaɗa kunne iska ta ɗauka, fitsarin kuma na bin sawunsa duk inda ya bi. Mai karanta saƙon yakan taɓa wurin da bakin hannunsa, ya kai ganɗa, inda akwai wasu ƙananan kafofi masu tantance irin wannan sinadari. Dalilin wahalar nan a fili yake: cikin giwa wata 22 ne, ga goyo, don haka mace kwanaki kaɗan take karɓar namiji a cikin shekaru. Dole su gano juna daga nesa.

Ashe hauka ce ke kama shi?

Ku daina cewa hauka. Mahaukaci ba ya shela kafin ya iso. Warin nan yana rage faɗa, domin toron da ba ya cikin mast yakan kauce wa mai mast ko da ya fi shi girma. A gandun Pilanesberg na Afirka ta Kudu an ga abin da rashin manya ke jawowa: marayun samari sun shiga mast tun lokaci bai yi ba, suka kashe karkanda fiye da 40. Da aka kawo manyan toraye 6 daga gandun Kruger a 1998, mast ɗin samarin ya lafa, kisan ya tsaya.

Za mu Yankari, Malam. In na ga ruwa a kumatun giwa, mast ne?

Wataƙila, wataƙila kuma a'a, don haka ku natsu ku karanta wannan sau biyu. Giwayenmu na Afirka sun bambanta da na Asiya. A nan mace ma takan zubar da ruwan, haka ƙanana, idan sun firgita ko sun haɗu da 'yan uwa bayan rabuwa. Ruwan kaɗai ba hujja ba ne. Shi ya sa ma aka daɗe ana zaton na Afirka ba sa mast, sai a 1981 masana Joyce Poole da Cynthia Moss suka tabbatar da shi a gandun Amboseli na Kenya.

Abin da za ka haɗa shi ne: babban toro ne? Gefen idon ya kumbura? Ruwan mai kauri ne, ya yi baƙin zane har kusa da baki? Sannan ka dubi ƙafafun baya, in cikinsu a jiƙe yake da fitsari, wannan ta fi kowace alama ƙarfi. Tafiyarsa ma takan nuna, kai a sama, kunnuwa a buɗe. Amma fa ko waɗannan suna iya ruɗin mutum. Toron da ya fito daga ruwa ko ya yi wanka da taɓo, duk jikinsa a jiƙe yake. Wanda yake farkon mast bai fara ɗigar fitsari sosai ba, alhali fushin ya soma. Rashin alamar kuma ba takardar izini ba ce, mai goyo ba ta mast amma tana kisa. In har kana iya jin warin, ka matso fiye da kima. Kada ka sauka daga mota, kada ka tsaya tsakaninsa da inda ya nufa, ka bi maganar ma'aikacin gandun ko da ta saɓa wa tawa, shi ya san giwayen wurin.

Kada wannan ya hana ku zuwa. Yawancin masu zuwa kallo lafiya suke dawowa, wasu ma ko giwar ba sa gani.

Zai fito a jarrabawa?

Zai fito. Sunan sinadarin nan furontalin da shekarar 1981, duka biyun.