Rune: ma'anar kalmar da inda ta samo asali

Rune dai suna ne na haruffan da ƙabilun Jamusawa na zamanin da suka yi rubutu da su, wato kakannin mutanen Norwe, Suwidin, Denmak, Jamus da Ingila, tun kafin haruffan Latin su mamaye yankin. Jerin farko haruffa 24 ne, ana ce masa futhark saboda sautin guda shidan farko, kuma cikin mafi tsufan rubutun da aka tono akwai na jikin wani mataji daga Vimose a Denmak, na wajen shekara ta 160 miladiyya.

Amma fa kalmar ba harafi kaɗai take nufi ba. A tsohon Turanci rūn na nufin sirri ko shawarar da ake yi a ɓoye, haka ma rún a tsohon harshen Norse na kakannin mutanen Norwe, Suwidin da Denmak, kuma har gobe Bajamushe in zai ce raɗa raunen yake cewa. Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina ita ce ta Bishop Wulfila wanda ya fassara Baibul zuwa harshen Goth, ɗaya daga cikin ƙabilun Jamusawan, a ƙarni na 4, inda Girkanci ya ce mysterion, wato sirri, sai ya sa runa, kun ga kenan tun a lokacin ma'anar sirri ta zauna daram a bakin mutane. Masana harshe sun mayar da su duka ga tushe ɗaya, rūnō.

Daga ina shi tushen ya fito, to nan ne ake ta muhawara, don kuwa a tsohon harshen Irish ma rún sirri ne, a Welsh kuma rhin, su biyun kuwa harsunan mutanen Celt ne, wasu na cewa Jamusawan ne suka aro daga Celt wasu na cewa a'a gado ne suka ci tare. Akwai kuma masu cewa asalinta daga karta ko tona ne, kuma maganarsu ba abin yarwa ba ce, saboda da wuƙa ake sassaƙa haruffan a itace da ƙashi, shi ya sa za ka gan su duk miƙaƙƙun layuka a tsaye da a karkace babu lanƙwasa sosai. Mutanen Finland ma sun ari kalmar, runo a wajensu waƙa ce.

Da ma'anar rubutu kuwa an ga kalmar a dutsen Einang na Norwe tun ƙarni na 4, inda marubucin ya ce shi ya zana runo, sannan mawaƙin Latin Venantius Fortunatus ya ambace ta a ƙarni na 6 a matsayin abin da ake zanawa a allon itace. Daga baya ta ɓace a Turanci, sai a ƙarni na 17 ta dawo ta hannun masana irin su Ole Worm ɗan Denmak da ya fitar da littafinsa kan haruffan a 1636.

Sunan ya sa mutane da yawa na ɗauka duk tsafi ne, alhali ɗaruruwan sandunan da aka tono a Bryggen cikin birnin Bergen na Norwe masu ɗauke da haruffan galibinsu lissafin 'yan kasuwa ne, da sunan mai kaya, da addu'o'i, da saƙonnin soyayya.