Al'adun Intanet a Ƙasar Hausa

Al'adun intanet a ƙasar Hausa su ne ɗabi'u, salon rubutu, barkwanci da hanyoyin yaɗa waƙa da ra'ayin siyasa da masu jin Hausa suka saba da su a kafofin sada zumunta, musamman Facebook, WhatsApp, YouTube, TikTok da X, wanda a da ake kira Twitter. Sun fi ƙarfi a biranen arewacin Najeriya irin su Kano da Kaduna, amma suna kaiwa har Maraɗi da Damagaram da zangunan Ghana. Yawancin abin da ke cikinsu, wato kirari, zambo, habaici da roƙo, ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba.

Asali

Haɗuwar waƙa da siyasa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna wasa ubangidansu, su kuma yi wa abokan hamayyarsa zambo ba tare da kama suna ba. A shekarun 1950, da jam'iyyun NEPU da NPC suka shiga takara, kowane ɓangare ya samu marubuta waƙoƙinsa. Sa'adu Zungur, Mudi Sipikin da Gambo Hawaja na cikin waɗanda ake ambata a ɓangaren masu neman sauyi, wato NEPU. Ana rera waƙoƙin a wurin lacca, jama'a su haddace, su ɗauke su zuwa ƙauyuka.

Rediyo ta faɗaɗa wannan fage. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, daga baya Muryar Jamus da Muryar Amurka suka biyo, har sauraren labaran duniya da Hausa ya zama al'adar mai shayi da manomi. Kaset ya zo ya ba mawaƙi da mai wa'azi damar isa ga jama'a ba sai ta gidan rediyon gwamnati ba. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 kuma, gidajen rediyo masu zaman kansu a Kano suka haifar da 'yan siyasar da ake kira sojojin baka, waɗanda aikinsu shi ne kare gwaninsu da yi wa na wasu shaguɓe. Wannan salon ne daga baya ya koma waya kusan yadda yake.

Zamanin katin waya

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Kafin kuɗin data ya yi sauƙi, waƙoƙi da gajerun bidiyo suna yawo ne daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ko kuma a wurin masu tura waƙa da ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa, suna cika wa mutum kati a kan ɗan kuɗi kaɗan.

Ƙarfin wannan hanya ya bayyana a 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyin Kano. Hukumar tace fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta tsaurara matakai a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, aka kama 'yan fim da mawaƙa da dama. Mawaƙan suka mayar da martani da waƙoƙin da ba su bi ta hannun hukumar ba. A wajajen tsakiyar 2009 wata kotu a Kano ta haramta sauraren wasu daga cikinsu, aka kuma tsare mawaƙi Aminu Ala na ɗan lokaci. Haramcin bai hana waƙoƙin yawo ba, domin ba a shago ake sayar da su ba balle a ƙwace. Tun daga nan hukumomi suke bin sawun abin da ya riga ya bazu.

Waƙa

Satar fasaha da mutuwar kasuwar faifan CD sun tura mawaƙa da masu shirya fim zuwa YouTube, inda fina-finai masu dogon zango suka maye gurbin na da. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta zama abin gasa: matan aure suna ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa, suna ɗorawa. Malamai da dama sun soki abin, wasu kuma suka ɗauke shi nishaɗin ma'aurata.

A waƙar siyasa, sunan da ya fi fitowa shi ne Dauda Kahutu Rarara, ɗan jihar Katsina, wanda ya yi tashe da waƙoƙin Muhammadu Buhari a zaɓen 2015. A 2020 ya nemi masoya shugaban su tura masa naira dubu ɗaiɗai don ya saki sabuwar waƙa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Roƙo ne irin na makaɗan da, sai dai maimakon sarki ɗaya ya ba da doki da riga, talakawa ne suka haɗa ta asusun banki. Bayan zaɓen gwamna na Maris 2023 an kai wa gidansa na Kano hari.

Harshe da rubutu

Hausar waya ta kauce wa daidaitacciyar ƙa'ida ta fuskoki da yawa. Haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ, sukan ɓace saboda allon rubutun wayoyi da dama bai zo da su ba. Ana haɗe kalmomin da ƙa'ida ta raba, a rubuta "yace" a madadin "ya ce". Taƙaitawa ta yawaita: "slm", "ykk", "lfy", "ngd", "wlh". Wasu matasa kan sa "x" a gurbin "z". Cakuɗa Hausa da Turanci, da ake kira Ingausa, ya fi yawa a tsakanin 'yan boko na X, a Nijar kuwa Faransanci ne ke shiga cikin zance, ana kuma yawan amfani da saƙon murya.

Malaman Hausa na jami'o'i sun daɗe suna kukan lalacewar rubutu. Duk da haka, mutanen da ke rubuta Hausa a kullum sun ƙaru ƙwarai. Littattafan soyayya da a da ake bugawa a Kano sun koma zaurukan WhatsApp da Wattpad, marubuta mata na sakin su shafi-shafi, wasu sai an biya. Manhajar fassara ta Google ta ƙara Hausa a ƙarshen 2013, Facebook ya fito da tsarinsa na Hausa a 2016. Ranar Hausa, da ake yi kowace 26 ga Agusta, a kafofin sada zumunta aka fara ta a 2015.

Siyasa

A Oktoba 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki bidiyon da ta ce yana nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, yana karɓar daloli. Gwamnan ya musanta. Laƙabin da aka samo daga lamarin ya shiga waƙoƙi da barkwancin zaɓen 2019.

Gangamin #ArewaMeToo na 2019 ya taɓo batun cin zarafin mata. Zanga-zangar #EndSARS ta Oktoba 2020, mai neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, ba ta samu karɓuwa a arewa kamar a kudu ba, domin matasan arewa da yawa sun fi ba da ƙarfi ga batun tsaro, kamar yadda #NorthIsBleeding ya nuna a ƙarshen 2021. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari. A Nijar an katse intanet na waya na kusan kwana 10 bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu 2021.

Akwai kuma matasan da ake yi wa laƙabi da 'yan data, masu kare ɗan siyasa a Facebook don a saka musu da kati ko ɗan alheri.

Shari'a da takaddama

A Agusta 2020 wata kotun shari'ar Musulunci a Kano ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa kan waƙar da ta bazu a WhatsApp, bisa zargin ɓatanci. Babbar kotun jihar Kano, wadda aka ɗaukaka ƙara a gabanta, ta ba da umarnin sake shari'ar a 2021. A Nuwamba 2022 an yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan jihar. Matakan Hisbah a kan 'yan TikTok sun kai ga saɓani da gwamnatin Kano a Maris 2024, har Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin hukumar, sannan ya koma bayan 'yan kwanaki da aka yi sulhu.