Mene ne "hukuncin kisa mai jinkirin shekara biyu" a ƙasar Sin?

Duk sanda labari ya zo cewa wata kotu a ƙasar Sin ta yanke wa jami'in gwamnati hukuncin kisa saboda cin hanci, sai ka ji mutanenmu suna cewa ai can ne ake maganin ɓarayi. Sai dai a mafi yawan labaran akwai ɗan ƙarin bayani da ido kan tsallake: an jinkirta zartar da hukuncin na shekara biyu. Sinawa na ce masa "sihuan", kuma wanda aka yanke wa shi da wuya a kashe shi.

Ga yadda dokar take. Kotu ta tabbatar laifin ya kai na kisa, amma ta ga ba lallai ne a zartar yanzu ba. Sai a tsare mutumin shekara biyu ana lura da shi. In bai aikata wani laifi da gangan ba a wannan lokaci, hukuncin ya koma ɗaurin rai da rai. In ya yi wani babban abin taimako ga hukuma, kamar tona asirin wasu masu laifi, yana iya komawa shekara 25. Sai in ya sake tafka mummunan laifi a gidan yari ne za a kashe shi, shi ma da amincewar Kotun Ƙoli. Tsarin ya samo asali tun farkon shekarun 1950, zamanin Mao Zedong.

Labarin Zhang Zhongsheng ya fi kowane bayani fito da abin fili. Mutumin lardin Shanxi ne, lardin da ya shahara da kwal. Ya daɗe yana aiki a gundumar Zhongyang har ya shugabance ta, sannan daga baya ya zama mataimakin magajin garin Luliang, inda harkar kwal da masana'antu ta dawo hannunsa. Luliang yanki ne na duwatsu, an daɗe ana lissafa shi cikin wuraren da talauci ya yi wa katutu, alhali dukiya na kwance a ƙarƙashin ƙasa. A shekarun da farashin kwal ya yi tashin gwauron zabi, mai neman izinin haƙa ko haɗe mahaƙai sai ya bi ta ofishin Zhang. Nan kuɗin suka fito.

Kotun birnin Linfen ta gano cewa daga 1997 zuwa 2013 ya karɓi cin hancin da ya kai yuan biliyan 1.04, wato kusan dala miliyan 160 a canjin lokacin, ban da wata dukiya da ya kasa bayyana inda ya samo ta. Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne tsawon lokacin. Shekara goma sha shida yana karɓa, ana ƙara masa girma, har ya yi ritaya lami lafiya kafin masu bincike su waiwaye shi a 2014. Mutanen da ke shiga ramin kwal da waɗanda ke shaƙar ƙurarsa su ne suka biya wannan kuɗi, kuma babu hukuncin da zai mayar musu da shekarun.

A watan Maris na 2018 aka yanke masa hukuncin kisa kai tsaye, ba jinkiri. Abin ya ba mutane mamaki, domin an ɗauki shekaru ba a yi wa jami'i irin wannan hukunci kan cin hanci kaɗai ba. Ya ɗaukaka ƙara. A watan Oktoba na 2021 babbar kotun Shanxi ta sassauta masa zuwa kisa mai jinkirin shekara biyu, bisa la'akari da bayanan da ya bayar kan laifukan wasu. Amma ta ɗora masa sharaɗi mai nauyi: bayan shekara biyun zai zauna a kurkuku har mutuwa, ba ragi, ba sakin talala.

Wannan sharaɗi sabo ne. Kafin 2015, mai "sihuan" na iya sauka daga kisa zuwa rai da rai, daga nan a yi ta rage masa shekaru saboda kyawun hali har wata rana ya fito. Jama'a sun yi ta ƙorafi cewa masu kuɗi da hanya ne suka fi cin moriyar wannan ƙofa. Gyaran dokar manyan laifuka na 2015 ya bai wa alƙali ikon toshe ta ga wanda ya ci dukiya mai yawan gaske. Bai Enpei, tsohon sakataren jam'iyyar Kwaminis a lardin Yunnan, shi ne na farko da aka yi wa haka, a 2016.

Kada a ɗauka cewa ba a kashewa sam. An kashe Lai Xiaomin, tsohon shugaban kamfanin kuɗi na Huarong, a Janairun 2021. An kuma kashe Li Jianping a Disambar 2024, wanda ya riƙe wani yankin raya tattalin arziki a birnin Hohhot na yankin Mongoliya ta Ciki da ke arewacin Sin, kan kuɗin da suka haura yuan biliyan 3. Abin da kotuna ke cewa suna dubawa ya wuce yawan kuɗi: girman ɓarnar da aka jawo wa ƙasa da jama'a, ko mutum shi ne ya nemi a ba shi, ko ya amsa laifi, ko an ƙwato dukiyar. Masu suka kuma na cewa tunda kotunan na ƙarƙashin jam'iyya mai mulki, kuma ƙasar ba ta bayyana adadin waɗanda take kashewa, da wuya na waje ya tantance inda doka ta tsaya da inda siyasa ta shigo. A ganina wannan suka ce mai tushe, kuma ya kamata mai sha'awar tsarin Sin ya san da ita kafin ya ce a kwaikwaya.