Baƙin Gida na Arnol

Baƙin Gida na Arnol tsohon gidan dutse ne mai lamba 42 a ƙauyen Arnol, a yammacin tsibirin Lewis na ƙasar Sikotilan. An gina shi wajajen 1880, mutanen gidan suka tashi a 1966, yanzu kuma Historic Environment Scotland, hukumar adana wuraren tarihi ta Sikotilan, ce ke kula da shi. Da harshen Gelik na mutanen tsibirin ana kiran irin wannan gini taigh-dubh, wato gida baƙi.

Bangon gajere ne, kuma biyu ne: jerin duwatsu a waje, wani jerin a ciki, ba siminti ba farar ƙasa, an cike tsakaninsu da ƙasa. Tsaikon rufin a kan jerin ciki yake zaune, don haka saman bangon ya zama dandamali mai faɗi da ake takawa idan za a gyara jinka. Dabarar ke nan: jinkar ba ta leƙo waje ba, iskar tekun Atilantika ba ta samun bakin da za ta kama ta yaye. Ruwan sama yana gangarowa kan bangon, inda aka shafe da yumɓu aka rufe da ƙasa mai ciyawa. Idan yumɓun ya tsage, ruwa kan wanke ƙasar tsakiya, bangon ya kumbura, duwatsu su fara zamewa.

Itace yana wuya a tsibirin, shi ya sa katakon da teku ya turo gaɓa yake da daraja. A kan tsaiko ana shimfiɗa yankakkiyar ƙasa mai ciyawa, a bi da karan hatsi, sannan a ɗaure da raga da igiyoyi masu duwatsu a rataye.

Babu bututun hayaƙi. Murhu yana tsakiyar ɗaki, ana hura shi da busasshiyar baƙar ƙasar fadama, kuma ba a barin wutar ta mutu. Hayaƙin yana ratsa jinka, ya busar da ita, ya kori ƙwari. Bunun da ya sha kunkunniya a kan sauke shi a kai gona, taki ne mai kyau. Gidan da aka daina hura wa wuta, rufinsa ba ya daɗewa yake ruɓewa, saboda haka har yau masu kula da gidan suna hura ta.

A lokacin da ake zaune a gidan, mutane da shanu ƙofa ɗaya suke shiga. Turken yana ɓangaren da ya fi gangare, domin fitsarin dabbobi ya malale waje, ɗuminsu kuma ya taimaka lokacin hunturu. Rumbun hatsi yana manne a baya.