Matashin da ke ji wa kansa ciwo ba neman a kula shi yake ba

A gidaje da dama a Maradi, in aka ga tabo a hannun yarinya sai a ce iskoki ne, ko tana so a kalle ta. Amma akasarin masu ji wa kansu ciwo ɓoyewa suke yi, shi ya sa za ka ga doguwar riga ko a zafin Afrilu. Ciwon jiki yana ɗan danne ƙuncin zuciya na ƴan mintoci, sannan kunya ta biyo, ƙuncin ya dawo, a sake.

Da korona ta sa aka rufe makarantu a Maris 2020, abin ya tsananta ga wasu: babu ƙawaye, babu malamin da zai lura, barci ya rikice, ga cunkoson gida.

Duka da gori ɓoyewa kawai suke ƙarawa. A zauna da yarinyar keɓe, a tambaya a natse: "Ɗiyata, kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta cusa tunanin. A wanke rauni da ruwa mai tsabta, a kulle magunguna da maganin ƙwari. In ta ce e, ko ta sha wani abu, asibiti nan take, kada a bar ta ita kaɗai. Addu'a na tafiya tare da likita.