Injin Toyota 4A-FE

4A-FE injin fetur ne mai silinda huɗu a jere, mai girman lita 1.6, wanda kamfanin Toyota na Japan ya ƙera daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000. An fi saninsa a cikin Corolla da Carina E. Ba inji ne na gudu ba, sunan da ya yi a wurin direbobi da makanikai na juriya ne da sauƙin gyara.

Tarihi

Dangin injinan A sun fara ne a 1978 da injin 1A na motar Tercel, mai sandar kam ɗaya (sandar da ke buɗe bawul) da bawul takwas. Na huɗu a jerin, wato 4A, ya biyo baya a farkon shekarun 1980. A 1987, da fitowar Corolla ta shida, Toyota ta ɗora wa wannan gangar jiki sabon kai mai sandar kam biyu da bawul 16. Na farko mai kafireto ne, ana kiransa 4A-F. Mai injekta, 4A-FE, ya zo a tsakanin 1987 da 1989, gwargwadon ƙasar da aka kai motar.

A wancan lokaci kam biyu abin motocin tsere ne, irin ɗan'uwansa 4A-GE. Toyota ta so kawo wannan fasaha cikin motar iyali ba tare da tsada ba. Sai ta matse bawuloli kusa da juna, kusurwar da ke tsakaninsu ta koma kimanin digiri 22, kan injin ya zama siriri. Bel yana juya sandar kam ɗaya kawai, ita kuma ta juya ta biyu ta hanyar giya. An tsara shi ya ja da ƙarfi tun daga ƙasa, ya kuma yi tsimin mai.

Kashi na biyu ya fito da Corolla ta bakwai, wajen 1991 zuwa 1992. An mayar da nozul daga jikin kan inji zuwa bututun shigar iska, an sauya sandunan kam da murfin sama. Daga 1992 masana'antar Toyota ta Deeside a yankin Wales ta riƙa haɗa shi domin Carina E da ake ƙerawa a Burnaston ta Ingila, daga baya kuma Avensis ta farko. A Amurka an sa shi a Corolla da Geo Prizm. Wajen shekarar 2000 injin 3ZZ-FE mai sarƙa a madadin bel ya gaje shi a Turai, ko da yake wasu ƙasashe sun ci gaba da shi na wasu shekaru.

Ƙira da ma'aunai

Gangar jikin ta baƙin ƙarfe ce, kan kuma na alminiyam. Girmansa sisi 1,587, faɗin silinda milimita 81, tafiyar fistin milimita 77. Matsinsa 9.5 ne bisa 1 a yawancin samfura. Ƙarfinsa ya kama daga doki 100 zuwa kusan 115, bisa shekara da kasuwa. Wuta na tashi a jerin 1-3-4-2. Baƙin mai da yake ɗauka lita uku ne da ɗan ɗoriya idan an canza fita.

Tazarar bawul, injin na sanyi, milimita 0.15 zuwa 0.25 ce a gefen shigar iska. A gefen fitar hayaƙi 0.25 zuwa 0.35 ce a kashi na biyu, na farko kuwa 0.20 zuwa 0.30. Ba a saita ta da sukundireba, ƴan faifan ƙarfe ake canzawa masu kauri daban-daban, shi ya sa ake yawan barinta har bawul ya fara ƙara.

Ƙwaƙwalwar injin tana auna iska ne da na'urar matsi da ke haɗe da bututun iska ta siririn tiyo. Kwayil na cikin distiributa a yawancinsu. Motocin da suka riga zamanin na'urar bincike suna faɗin cutarsu da kansu: a haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 da guntun waya a akwatin gwaji da ke gefen inji, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a ƙirga ƙiftawar fitilar inji. Lamba 22 na nufin na'urar zafin ruwa, 31 na'urar matsin iska, 21 ta hayaƙi, 41 ta totur. Da wannan wayar a haɗe ake saita wuta a digiri 10.

Juriya da matsaloli

Injin da ake yi wa juye a kan kari yakan wuce kilomita 300,000 ba a sauke shi ba. Abin da ya fi kashe shi zafi ne. Lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya fara ɗiga, ko fanka ta mutu, kan alminiyam ya lanƙwashe, gasket ya ƙone. Alamarsa ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 sai an kai kan an goge. Wajen ɗaurewa akwai tarko: kusoshi goma na kashi na biyu ana ɗaure su zuwa Nm 29 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, sannan a ƙara murɗa kwatan zagaye, a sake ƙara kwata, daga tsakiya zuwa gefe. Mai ɗaurewa da ƙarfin damtse kawai zai sake ganin motar.

Cire tamostat da jona fanka kai tsaye, da ake yawan yi a ƙasashe masu zafi, ba magani ba ne. Ruwan ba ya kai zafin aiki na kimanin digiri 82 da wuri, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Fulogi su yi baƙi, fetur ya wanke bangon silinda, ringi su ci.

Ana canza taimin bel duk kilomita 100,000, tare da falin da ke tsare shi, kuma hikima ce a haɗa da famfon ruwa da sil na gaba tunda an riga an buɗe wurin. Galibi ana lissafa injin cikin waɗanda fistin ba ya dukan bawul idan bel ya tsinke. Wanda zai cire sandar kam sai ya fara kulle giyarta mai fala biyu da kusa mai milimita 6, in ba haka ba sifirin da ke ciki ya kwance, injin ya dawo da ƙara kamar keken ɗinki.

Shuɗin hayaƙi da safe da ke ɓacewa bayan ƴan mintuna sil ɗin bawul ne ya bushe. Wanda ba ya tsayawa, ringi ne. Awon matsi ke raba gardama: lafiyayye yana ba da kusan kilo 13.5 a kan santimita murabba'i, ƙasa da 10 ya gaji, kuma bai kamata bambancin silinda da silinda ya wuce 1 ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Mai na ɗiga ta murfin sama ya cika ramin fulogi, ko ta zoben robar distiributa. Kwayil na tsagewa, motar ta riƙa shaƙewa idan ta yi zafi. Silo na rawa idan datti ya taru a totur. Bututun hayaƙi da ke manne da kan inji yakan tsage.

Samfurin Lean Burn na wasu Carina E, mai ƙona fetur kaɗan da iska mai yawa, ya fi tsimin mai, amma ba ya jure mugun fetur ko fulogin da ba nasa ba, kuma na'urar hayaƙinsa na da tsada. Ra'ayi ya rabu a kansa.

A Afirka ta Yamma

Da yawa daga cikin waɗanda ke Najeriya da Nijar sun shigo ne cikin motocin Beljiyam ta tashar Kwatano. Ana samun kayansa da ma injin sukutum a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano. Yana kama da 5A-FE mai lita 1.5 da 7A-FE mai 1.8 sosai, don haka mai saye kan duba lambar da aka buga a gangar jikin.