Waiwaye: Yadda Roberta Sessoli ta gano maganaɗisu a ƙwayar sinadari guda

A 1980 wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Foland, Tadeusz Lis, ya haɗa wani sinadari a birnin Wrocław. Kowace ƙwayarsa na ɗauke da zarra 12 na ƙarfen manganis, oksijin ya ɗaure su, asitet kuma, dangin abin da ke sa ruwan khal tsami, ya kewaye su. Irin wannan haɗi na ƙarfe a tsakiya da masu riƙe shi a gefe ba baƙo ba ne, don a kansa Alfred Werner ya samu kyautar Nobel a 1913. Lis ya wallafa siffarsa, aka kwashe shekaru ba a waiwaye shi sosai ba.

Sai a Jami'ar Florence ta Italiya aka gane darajarsa. Roberta Sessoli, wadda ta yi digirin digirgir a hannun Dante Gatteschi, ita da malamin nata da Andrea Caneschi da Miguel Novak suka fitar da sakamakon a mujallar Nature a 1993. Idan aka sanyaya sinadarin ƙasa da digiri 4 na Kelvin, wato wajen 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyus, aka kanga masa maganaɗisu aka janye, ba ya mantawa, yana riƙe da ƙarfin maganaɗisun.

Abin mamakin shi ne, maganaɗisun lasifikar rediyo taron dangi ne, zarra bila adadin ke haɗa ƙarfi. A nan kuwa kowace ƙwaya cin gashin kanta take yi. Zarra 8 sun fuskanci gefe guda, 4 sun juya musu baya, rarar ita ce ƙarfinta. Siffarta kuma ba ta yarda ta kalli ko'ina sai sama ko ƙasa, da shinge a tsakani. A digiri 2 na Kelvin sai ta yi wajen wata biyu ba ta juya ba. Sama da ƙasa kuwa su ne 0 da 1 na kwamfuta, shi ya sa masu mafarkin ƙanƙance ma'ajiyar bayanai suka yi ca.

Ba a jima ba aka ga cikas. A 1996 aka nuna cewa ƙwayar kan ratsa shingen ba tare da ta haura shi ba, bisa dokokin kwantam, wato dokokin fizik da ke tafiyar da ƙananan abubuwa irin su zarra. Masana fizik sun yi murna, amma ga mai son ajiya wannan yoyo ne. Sannan ga sanyi: sai da ruwan hiliyam mai ɗan karen tsada.

An ɓata shekaru ana tara zarra da yawa a ƙwaya guda, ribar ba ta taka kara ta karya ba. A 2003 Naoto Ishikawa na Japan ya nuna zarra ɗaya tak ta ƙarfen tabiyam ta wadatar. A 2017 David Mills da Nicholas Chilton na Manchester suka samu ƙwayar da ke riƙe maganaɗisu har digiri 60 na Kelvin da ƙarfen disfurosiyam, a 2018 ƙungiyar Richard Layfield ta kai 80, ta haye 77 na ruwan naitirojin mai araha.

A ganina, aikin Sessoli na 2009 bai samu yabon da ya kamace shi ba: ƙungiyarta ta shimfiɗa ƙwayoyi masu zarra 4 na baƙin ƙarfe a kan zinariya, suka riƙe halinsu. In ba a kafe ƙwaya a kan wani abu ba, ta yaya za a karanta ta? Har yanzu dai babu wayar hannu mai irin wannan ajiya, Sessoli kuma ta karkata ga haɗe-haɗen ƙarfen banadiyam da ake gwadawa don kwamfutar kwantam.